Garin kunun gyaɗa daga Garwa zuwa Kuseri: yadda aka samo ledar da ta jure hanya

Asalin sana'ar

Matar da wannan bayani ya shafa gwaggota ce, tana zaune a Garwa, a Arewacin Kamaru. Ni ke riƙe mata littafin shiga da fita, saboda haka abin da ke ƙasa daga littafin ya fito, sai kuma abin da na gani da idona.

Sana'arta garin kunun gyaɗa. Ana soya gyaɗa sama-sama, a murje ɓawon, a haɗa da shinkafa, a niƙa, a tankaɗe. Ta yi shekaru tana sayarwa a gida, mai saye ya zo da kwanonsa a auna masa, kuma abin da aka niƙa yau ba ya kai jibi. Maganar leda ba ta taso ba sai da wani ɗan kasuwa a Kuseri ya ce zai riƙa ɗaukar kayan a ƙulle, rabin kilo rabin kilo, yana sayar da wasu a can, wasu kuma yana ƙetarawa da su Njamena ta gadar Ngeli.

Garin yana da halaye uku da suka shafi duk abin da ya biyo baya. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, mai kuwa idan iska da haske suka same shi yana tsufa, ya kawo wari da maƙaƙi a maƙogwaro. Garin busasshe ne, yana zuƙe laima da sauri. Sannan ko an tankaɗe shi ba a rasa ɗan tsakin shinkafa mai kaifi a ciki. Ga kuma hanya: sama da kilomita 200 daga Garwa zuwa Marwa, daga nan a bi ta Mora da Waza da Dabanga kafin Kuseri, inda duk direban da ya saba bi ya san irin girgizar da kaya ke sha. A watannin Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, cikin babbar mota mai rufin tamfol kuwa ya fi haka nesa. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce.

Shekara ta ɗaya, Maris zuwa Agusta: farar leda

An fara da farar leda mai falle ɗaya, wadda ake ganin kaya ta cikinta, ana liƙe bakinta da ƙaramin injin hannu. Tun daga 2014 dokar Kamaru ta hana ledar da ba ta ruɓewa idan kaurinta bai wuce maikiron 60 ba, don haka Gwaggo ta sayi mai maikiron 70. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ana zuba ƙulli 24 a kowane katan.

Azumin shekarar ya faɗo cikin Maris, lokacin da kunun gyaɗa ya fi tafiya, kaya ba ya kwana a shago, ba wanda ya yi ƙorafi. Bayan Salla ciniki ya ja baya, gari ya fara yin mako biyar zuwa shida a kanta. A watan Yuni Alhajin Kuseri ya kira ya ce masu saye na cewa kunun na kama musu maƙogwaro. A watan Agusta aka dawo da katan 9 cikin 40, garin ya dunƙule, wasu ƙullin sun huje a gefe.

Abin da aka fara gwadawa shi ne ƙara kauri. Aka koma maikiron 100. Hujewa ta ragu, dunƙulewa ma ta ɗan ragu, amma warin tsohon mai bai fasa zuwa ba. Daga baya muka fahimci dalili. Irin wannan leda, wato foliyetilin, tana tare laima gwargwado, amma iska na ratsa ta a hankali ko ba ta da huji ko ɗaya, haske kuma na shiga yadda ya ga dama. Ninka kaurinta yana rage iskar da ke ratsawa da kusan rabi ne kawai, rabin da ya rage kuwa ya ishi mai ya lalace, balle cikin zafi.

Oktoba zuwa Afrilu: leda mai ƙyalli ta kasuwa

A watan Oktoba Gwaggo ta sayi ledoji masu ƙyallin azurfa, waɗanda ake sayarwa a ɗinke, bandir-bandir, babu sunan wanda ya yi su, babu takardar da ta faɗi abin da ke cikinsu. Ta manna takardar sunanta a kai. Sun yi kyau a ido, kuma a lokacin hunturu sun yi aiki: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba a dawo da katan ko ɗaya ba, gari na kai wata uku da ɗanɗanonsa.

Da zafi ya shigo sai abin ya canza. A ƙarshen Maris na shekara ta biyu ledojin da suka isa Kuseri suka fito da wasu dogayen kumburi kamar hanyar gara, inda fallen waje ya rabu da na ciki. A kusurwoyi mutum na iya sa farce ya ɓare su biyu. Inda suka rabu ƙyallin ya goge, idan ka ɗaga ledar sama kana hango rana ta ciki. Wani sabon bandir da aka buɗe a Afrilu kuma yana da wari irin na fenti, warin ya kama garin da aka zuba a ciki. Wannan karo katan 14 cikin 60 suka dawo, kuma a tsakiyar kakar ciniki.

Akwai wani abu dabam da ya faru a wannan lokaci. An aika katan biyar Ngaundare, suka isa a kumbure, ƙulli da dama bakinsu ya tsage. Garwa na ƙasa a kwarin Binuwai, Ngaundare kuwa na kan tudu, sama da mita 1,000. Idan mota ta hau, nauyin iskar waje na raguwa, iskar da aka rufe cikin leda sai ta faɗaɗa ta tura baki. Mun rubuta wannan a littafi, ba mu yi komai a kansa ba a lokacin.

Mayu zuwa Yuni: abin da aka gano a cikin ledar

Wani dattijo a unguwarmu ya yi shekaru yana aiki a masana'antar leda a Legas kafin ya dawo gida. Gwaggo ta kai masa ledojin da suka lalace. Ya ɓare ɗaya, ya shafa cikin da yatsa, ya nuna mata yana ɗan danƙo, ya ce, "Hajiya, gam ne bai gama kamawa ba aka yanka aka sayar muku."

Bayanin da ya yi mana shi ne kamar haka. Ledar da ake kira mai ƙyalli falle biyu ce ko uku ko fiye, kowanne da aikinsa. Na waje, yawanci foliyesta mai maikiron 12 da ake rubutawa PET, shi ke ɗaukar zane, yana jure zafin injin liƙi ba ya narkewa. Na tsakiya shi ne katanga, ko dai takardar alminiyom ta gaske mai maikiron 7 zuwa 9, ko kuma leda da aka fesa wa alminiyom siriri ƙwarai. Na ciki foliyetilin ne, shi ke taɓa abinci, shi ke narkewa ya liƙe baki. Manyan hanyoyin haɗa su biyu ne.

Ta farko haɗin gam. Ana shafa gam siriri, giram biyu zuwa huɗu a kowace murabba'in mita, a danne falle biyu, a naɗe, sannan a ajiye naɗin na kwanaki har gam ya gama kamawa. Idan an yi shi yadda ya dace yana da ƙarfi sosai, har akwai irin da ake dafa abinci a cikinsa a digiri 121 bai rabu ba. Idan aka rage gam, ko aka kuskure awon haɗinsa, ko aka yi gaggawar yankawa, sakamakon shi ne abin da muka gani. Warin fentin kuma ruwan da ake tsinka gam ko tawada da shi ne bai gama bushewa ba.

Ta biyu haɗin narkakkiyar roba. A nan ana narkar da ƙwayoyin foliyetilin, irin da ake rubutawa LDPE, a cikin inji har zafinsu ya kai wajen digiri 300 zuwa 320. Robar na fitowa ta wani dogon tsagi tana zubowa kamar labule, ta faɗa tsakanin falle biyu da ke tafiya, nan take wasu manyan gangunan ƙarfe da na roba su matse su, ɗaya daga ciki mai sanyi ne, robar ta daskare. Robar da kanta ce ke riƙe fallen, kuma ba siririya ba ce kamar gam: tana kai maikiron 12 zuwa 20, ta zama wani falle mai zaman kansa. Babu jiran kwanaki. Ledar na fitowa da jiki, tana tsayawa, ba ta saurin hujewa, alminiyom ɗin kuma na kwance tsakanin roba sama da ƙasa kamar ƙwai cikin ƙaiƙayi.

Dattijon bai ɓoye mana aibinta ba. Foliyetilin ba ya kama foliyesta ko alminiyom haka kawai. Sai an shafa wa foliyesta wani ruwan share fage, an gasa fuskar fallen da tartsatsin lantarki, sannan zafin robar ya kai yadda iska za ta ɗan ƙona fuskarta kafin ta sauka. Zafi ya gaza, haɗi ya yi rauni. Zafi ya yi yawa, leda ta ɗauki ƙaurin roba. Ba ta dace da abin da za a dafa cikin leda ba, domin robar na narkewa a wajen digiri 110. Kuma injin babba ne, ba a tayar da shi don ƙaramin aiki.

Yuli zuwa Oktoba: gwaji

Ta hannun wani wakili a Duwala muka nemi samfuri daga masana'anta, wannan karo kowanne da takardar da ta faɗi fallayensa. Uku suka zo, duka santimita 18 a 26.

Na ɗaya haɗin gam ne na ƙwarai: foliyesta maikiron 12, alminiyom 7, foliyetilin 50. Na biyu haɗin narkakkiyar roba: foliyesta 12, roba 15, alminiyom 7, roba 15, foliyetilin 50, jimla maikiron 99. Na uku ma na narkakkiyar roba ne amma mara nauyi, irin na ledar soyayyen dankali, da fesasshen alminiyom a maimakon na gaske.

Ba mu da ɗakin gwaji, sai muka yi da abin da ke gida. An cika ƙulli 48 na kowane iri da gari ɗaya, rana ɗaya. Katan ɗaya na kowanne ya bi mota zuwa Kuseri ya dawo. Wasu aka ajiye su a ɗakin da ya fi laima a gidan duk tsawon Agusta, ana auna su a sikelin giram kowace Juma'a. Wasu aka kai su shagon kwano a Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke rana ta dawo. Ana sako ƙulli daga tsayin ƙirji sau biyar a kan siminti. Ana nutsa shi a bokitin ruwa a matse a ga ko kumfa za ta fito. Wanda ya dawo daga tafiya kuma a zazzage shi, a shiga ɗaki mai duhu a sa tocila a ciki a ƙirga ɗigon haske. Duk mako biyu a dama kunu daga kowanne a ba mutane uku da ba su san wanne ne wanne ba.

Na ukun ya fara fita. Tsakin shinkafa ya huda ƙulli 5 cikin 24 a tafiyar Kuseri, bakinsa kuma ya tsage a faɗuwa ta uku. An yi shi ne don kaya mara nauyi, rabin kilon gari ya fi ƙarfinsa.

Tsakanin na ɗaya da na biyu abin ya yi kusa. Babu wanda ya rabu a cikinsu, har ma na gam ya fi wuyar ɓarewa da hannu. A ɗakin laima babu wanda nauyinsa ya ƙaru yadda sikelinmu zai gani. Bambancin ya fito ne a waɗanda suka sha hanya. Na gam ya dawo a yamutse, tocila ta nuna ɗigon haske da yawa a kan layukan lanƙwasa da kusurwoyi, wato alminiyom ya tsattsage a wuraren. Na roba ya dawo da ɗan lanƙwasa kaɗan, ɗigon haske ɗaya ko biyu, wasu babu ko ɗaya. A wata na uku biyu daga cikin masu ɗanɗano suka ware kunun na gam da ya je Kuseri suka ce ya fara sauyawa. Wanda bai yi tafiya ba kuwa ba su iya bambanta shi da na roba ba.

Nuwamba zuwa Fabrairu: oda da kuɗi

Ana sayar da irin wannan leda da kilo ne, abin da ya sa kauri ke da farashi. Murabba'in mita ɗaya ta samfuri na biyu tana da nauyin giram 109 ko kusa da haka, ta na ɗaya kuma wajen 87. A girman da muke so, kilo ɗaya na ba da leda kusan 98 ta roba, ta gam kuwa kusan 120. Ko da farashin kilo ya zo ɗaya, kowace leda ta haɗin roba ta fi ta gam tsada da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Mafi ƙarancin abin da masana'anta ta yarda ta yi kilo 500 ne, leda kusan dubu 49, abin da Gwaggo ba za ta cinye a shekara biyu ba. Zane mai launuka kuma kowane launi da gangar bugunsa, kowace ganga da kuɗinta. Sai ta nemi wasu mata biyu, ɗaya mai garin ɗanwake, ɗaya mai dakakken yaji, suka haɗa kuɗi aka yi leda mara zane, kowacce ta manna takardarta. Gwaggo ta ɗauki rabi. An sa a rubuce cewa masana'anta za ta aiko da takardar fallaye da shaidar cewa fallen ciki ya dace da abinci. An biya a Nuwamba, kaya suka sauka Duwala ta ruwa, suka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, mota ta ƙaraso da su Garwa a farkon Fabrairu.

Shekara ta uku, Fabrairu zuwa Maris: baki ya ƙi kamawa

Zubin farko bai yi kyau ba. A gwajin bokiti ƙulli 7 cikin 50 suka fitar da kumfa, duka ta baki. A lokacin gwaji dattijon ne ya liƙe samfuran da kansa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Yanzu 'yan mata huɗu ne ke aiki da sauri da tsohon injin hannu mai siririyar waya, wanda aka saya don farar leda. Sabuwar ta fi kauri, alminiyom na kwashe zafi ya watsa shi gefe, idan wutar lantarki ta yi ƙasa kuma abin ya ƙara lalacewa. Ga ƙurar gari mai maiƙo da ke maƙalewa daidai inda za a liƙe.

An dakatar da aiki kwana goma. Aka sayo injin liƙi mai bel, wanda ke riƙe zafi a tsaye yana ba da liƙi mai faɗin milimita 10, aka haɗa shi da na'urar daidaita wuta. Aka sa maƙeri ya yi mazurari mai dogon wuya don gari ya sauka ƙasa bai taɓa baki ba. Aka daina ɗura gari da ɗuminsa daga injin niƙa, sai ya huce. Aka tuna da katan biyar na Ngaundare, aka koya wa 'yan matan su matse iska kafin liƙi. Daga nan aka mai da gwajin bokiti ƙa'ida: ƙulli ɗaya cikin kowane katan. Kayan azumi sun fita a makare da mako guda.

Afrilu zuwa Satumba: sakamako

Daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba an aika katan 210 zuwa Marwa da Kuseri da Ngaundare. Uku suka dawo, biyu ƙusar mota ce ta yage su, ɗaya ɓera. Ba a sami rabuwar falle ko dunƙulewa ba. Ƙullin da muka ajiye a gida an buɗe shi bayan wata shida, kunun bai kama maƙogwaro ba. Mai garin ɗanwake ma ba ta sami matsala ba.

Mai yaji ce abin bai yi wa daɗi ba. Bayan wata uku fallen cikin ledarta ya fara saki daga jikin alminiyom. Yajinta na da citta da kanumfari da masoro, man da ke cikinsu kuwa na ratsa foliyetilin ya isa inda roba ta kama alminiyom ya sassauta wurin. Masana'anta ta ce da an faɗa mata da ta sa wata roba mai kama ƙarfe da kyau, irin su EAA, a fuskar ciki, ko ta ba da shawarar gam na musamman. Ba a faɗa mata ba, kuma ba a sa yaji cikin gwajin Yuli ba, domin a lokacin matar ba ta shigo ba. Gwaggo ta sayi ragowar ledojinta a farashin da aka sayo, ita kuma ta koma kwalabe.

Yadda nake ganin lamarin

Zaɓen haɗin narkakkiyar roba daidai ne ga wannan gari a wannan hanya, kuma dalilin ƙayyadadde ne. Alminiyom ne ya tare iska da haske da laima. Aikin robar shi ne ta kare alminiyom ɗin daga karyewa tsakanin Mora da Kuseri, ta ba ledar jikin da tsaki ba zai huda ba. Da a Garwa kaɗai ake sayarwa, samfurin gam na ƙwarai ya isa, kuma da ya fi sauƙin kuɗi. Ba na ɗora laifin asarar shekara ta biyu a kan gam. Laifin na sayen leda ce da ba a san me ke cikinta ba, ba a kuma san wa za a tambaya ba. Mu ma muna da namu: injin liƙin ya kamata a gwada shi tare da ledar tun Yuli, da hannun waɗanda za su yi aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne mai yaji. Ta shigo ne don ta yarda da Gwaggo, mu kuma muka ɗauka abin da ya yi wa gari zai yi wa yaji. Wata uku na gwaji da ƙulli goma da ya tsare mata kuɗinta.

Sai maganar shara. Leda mai foliyesta da alminiyom da roba a manne ba ta narkuwa a sake yin wani abu da ita, masu tsintar roba ba sa ɗauka, ƙarshenta kwata ko bola ko cikin akuya. Leda sama da dubu ashirin na ɗauke da sunan gwaggota. Mun tambayi wakilin Duwala samfurin da dukan fallayensa foliyetilin ne, mai siririyar katangar iska a tsakiya, wanda ake iya narkarwa. Ba zai kai alminiyom tsaro ba, amma wataƙila ya isa ga kayan azumi da ba sa wuce wata guda a kanta. Ya ce zai iso a Disamba, kuma katan ɗinsa na farko zai bi motar Kuseri ya dawo kafin a yi maganar oda.